Gonar Yara a Lambun DeWitt Clinton na Birnin Niyok (1902–1932)

A ƙarshen ƙarni na 19 birnin Niyok na ƙasar Amurka ya cika maƙil da baƙi 'yan ci-rani daga ƙasashen Turai. Yawancinsu suna zaune ne a gidajen haya masu hawa biyar ko shida, iyali guda a ɗakuna biyu ko uku, wasu ɗakunan ma babu taga. Yara ba su da wurin wasa sai titi. Wannan hali ya sa aka kafa doka a shekarar 1887 wadda ta ba hukumar birnin ikon sayen filaye a unguwannin talakawa domin a mayar da su ƙananan lambunan shan iska. Littafin ɗan jarida Jacob Riis, wanda ya fito a 1890 da hotunan irin wannan zama, ya ƙara zaburar da masu faɗa a ji.

Ɗaya daga cikin unguwannin ita ce Hell's Kitchen, a yammacin tsibirin Manhattan, bakin kogin Hudson. Ma'anar sunan kuwa madafar jahannama, kuma ba a banza aka raɗa mata shi ba. Unguwa ce ta mahauta da masana'antu da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, ta kuma yi suna wajen 'yan daba. Jirgin ƙasa na ɗaukar kaya yana bi ta tsakiyar titi na 11, wani mahayin doki yana gabansa da jar tuta yana kore mutane. Duk da haka jirgin ya hallaka mutane da yawa, har aka riƙa kiran hanyar titin mutuwa. A gefen wannan titi, tsakanin layi na 52 da na 54, hukuma ta mallaki wani fili ta sa masa sunan DeWitt Clinton, tsohon gwamnan jihar wanda a zamaninsa aka haƙa mashigin ruwa na Erie da aka kammala a 1825.

Kafin a fara aikin lambun, filin juji ne kawai. A shekarar 1902 wata mata mai suna Fannie Griscom Parsons (1850–1923) ta nemi a ba ta wani yanki nasa, aka kwashe shara aka nome shi, ta rarraba wa yaran unguwa. Ba ita ta ƙirƙiro noman makaranta ba. Ƙasar Ostiriya ta shigar da shi cikin dokar ilimi tun 1869, an kuma buɗe irinsa a wata makaranta ta birnin Boston a 1891. Abin da ya bambanta nata shi ne a filin jama'a ta kafa shi, ba a harabar makaranta ba.

A nan ne maganar take da sarƙaƙiya. Lambun shan iska na kowa ne, da kuɗin haraji aka saye shi. To, da wane dalili za a kewaye wani sashe a ce yaro kaza ne kaɗai zai taɓa wannan komi, kuma abin da ya fito nasa ne? Amsar da Uwargida Parsons ta bayar ita ce ba kayan miya take nomawa ba, tarbiyya take koyarwa. A ganinta, yaron da aka damƙa wa ɗan yanki na dukiyar jama'a, ya ga wahalar da ke cikin rainon shuka, ba zai tattake na maƙwabcinsa ba, kuma idan ya girma zai san darajar kayan hukuma. Mai karatu na yau zai lura da cewa akwai ɗan raini a cikin wannan tunani, domin masu hali ne suka yanke cewa 'ya'yan talakawa da na baƙi suna bukatar gyaran hali. Amma yaran sun yi ta tururuwa, kuma kayan lambun da suke kaiwa gida ba ƙaramin abu ba ne ga iyayensu.

Da aka tashi tsara lambun gaba ɗaya, ba a kori gonar ba, sai aka gina sauran abubuwa a kewayenta. Mai tsarin shi ne Samuel Parsons, ma'aikacin hukumar lambunan birnin (ba mijin Fannie ba ne, suna ne ya zo ɗaya). An buɗe lambun a hukumance a 1905, da filin wasanni da rumfa da hanyoyin tafiya da ƙafa masu lanƙwasa, waɗanda suke kai mutum inda zai hangi kogin. Gonar kuma ta ƙunshi komaye 356, kowanne ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 12 a tsawo. Kowane yaro da nasa, kuma iri ɗaya kowa yake shukawa: masara da wake da latas da wasu kayan lambu na ƙasar sanyi. Akwai kuma komayen nuni, inda ake shuka abubuwan da yaron birni yake jin sunansu bai taɓa ganinsu a tsaye ba.

Hanyoyin da ke cikin gonar sun cancanci a dube su da kyau, domin su ne suka sa tsarin ya yi aiki. Faɗin komi ƙafa huɗu ne, ke nan yaro yana iya tsayawa a kan hanya ya miƙa hannu har tsakiyarsa ba tare da ya taka shuka ba. Komi na mutum ɗaya ne, hanya kuwa ta kowa ce, share ta da gyara ta aikin gayya ne. Manya kuma suna tsayawa a bakin shinge suna kallo, don haka wanda ba shi da komi bai rasa rabonsa gaba ɗaya ba.

Abin ya bazu. A 1910 hukumar lambuna ta kafa sashen gonakin makaranta ta ɗora Uwargida Parsons a kansa, a 1911 aka buɗe wata gonar a lambun Thomas Jefferson da ke gabashin Harlem. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin tarayya ta rungumi noman 'yan makaranta a matsayin hanyar ƙara abinci. Da yaƙin ya ƙare, sha'awar ta fara ja da baya.

Gonar DeWitt Clinton ta kai shekara talatin. A 1932 aka yanke wani dogon yanki na yammacin lambun saboda aikin babbar hanyar mota ta sama da ke bin bakin kogi, gonar ta rufe. Hanyar ta kuma tare wa masu yawo ganin ruwa. Ita kanta hanyar ba ta yi ƙarko ba, wani sashenta ya rufta a watan Disamba na 1973, aka ƙarasa rushe ta a 1989. Lambun yana nan har yau, ƙasa da eka shida, kuma filayen wasan ƙwallo ne suka cinye mafi yawansa.