Ranar da Aka Toshe Zaure

Duk wanda ya taso a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada ya san gidan Bahaushe daga zaure yake farawa. A nan maigida ke karɓar gaisuwa, a nan ake raɗa suna, a nan kuma matafiyin da dare ya riska ke shimfiɗa tabarmarsa. Daga zaure sai shigifa, sannan cikin gida, inda namijin da ba muharrami ba ba ya taka ƙafa. Amma ka shiga tsofaffin unguwannin Kano ko Katsina a yau, za ka tarar an huda wa zauruka da yawa ƙofa ta bakin titi sun koma shaguna, ɗakunan ciki kuwa kowanne da kwaɗonsa da mai biyan kuɗinsa.

Akan ɗora laifin wannan a kan kwararowar baƙi. Tarihi bai yarda da hakan ba, domin saukar da baƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Falken da ya iso Kano da ayarinsa gidan fatoma yake nufa. Fatoma zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in an yi ciniki bashi ya tsaya masa, sannan ya ɗauki la'adarsa. Unguwar Fagge, a wajen ganuwa, ta yi suna ne a matsayin zangon fatake. Hausawa ma sun tafi da tsarin nan har Kurmi: Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa fataucin shanu da goro a kan masu gidajen sauke baƙi ya dogara. Abin lura shi ne, baƙon wancan lokaci yana da mai amsa sunansa. In ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a buga.

Jirgin ƙasa ne ya kawo wani irin baƙo dabam. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, akawu da leburori da ’yan kasuwa suka yi ta zuwa daga kudu. Turawan mulki ba su so su zauna cikin birni ba, sai aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. A can aka saba da jera ɗakuna suna kallon juna, kowa ya biya kuɗin wata, ba ruwan mai gida da sana'ar wanda ya shiga. Haka aka yi a Zariya. Ɗaki ya zama haja tun daga nan, amma shekaru masu yawa ganuwa ta tsare birni daga wannan ciniki.

Abin da ya shigo da haya cikin ganuwa daga cikin gida ya fito, wato rabon gado. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu bai cika daɗewa a hannun ’yan'uwa ba bayan rasuwar uba. To, gona dai ana iya auna ta da igiya a yanka wa kowa rabonsa. Gida mai zaure ɗaya da rijiya ɗaya da masai ɗaya fa, yaya za a yanka shi tsakanin magada goma sha biyar, maza da mata, ga tumunin matan mamaci? Wasu magadan suna Kaduna, wasu Legas, mata suna gidajen aurensu. Ko dai a sayar a raba kuɗi, ko kowa ya zuba ɗan haya a ɗakin da ya faɗo masa. Akwai kuma wata gaɓa ta fiƙihu da ba a cika tunawa da ita ba: a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, haƙƙin shuf'a, wato fifiko wajen sayen rabon da za a sayar, na abokin tarayya ne kaɗai. Maƙwabci ba shi da shi, saɓanin mazhabar Hanafiyya. Saboda haka mutumin da ya yi shekara arba'in katangarsa na jingine da ta mamaci ba shi da ta cewa a kan wanda zai shigo.

Masu nema kuwa ba su taɓa yankewa ba. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ma'aikata suka dawo daga Kaduna suna neman wurin zama. An kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ɗalibai suka bazu cikin gari. A ’yan shekarun nan kuma ga mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da ’yan bindiga suka raba da ƙauyukansu.

Ba zan zagi haya ba. Marayu da yawa da kuɗinta suke ci su yi karatu, wanda ya gudo da iyalinsa kuma ba shi da wata inuwa sai ita. Sai dai unguwa ce ke biyan wani kaso na farashin, ba tare da an shawarce ta ba. Masan da aka haƙa don iyali ɗaya yanzu iyali shida ke bin layinsa. Kwata ta cika ta malalo lungu, kuma babu mai yashe ta, tunda mai gidan yana wani gari, ɗan haya kuma yana ganin ba gidansa ba ne. Matar da ke daka da wanki a sake a tsakar gida yanzu sai ta yafa mayafi kafin ta ɗebo ruwa, don akwai gwauro a ɗakin da ke kallon nata. Wannan asarar ta mata ce, kuma ita aka fi mantawa da ita in ana lissafi.

Mafi nauyi shi ne gurbin da fatoma ya bari. Dillalin gidaje ya gaji la'adarsa, bai gaji alhakinsa ba: da ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli, aikinsa ya ƙare. Mai unguwa sau da yawa sai an yi rigima yake jin labarin sabon mazauni. Mutane kan kalli wannan ta fuskar tsoron ɗan haya, alhali shi ma ɗan hayar ba shi da mai tsaya masa. A watan Oktoban 2023, ’yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, kuma daga gidan da suke haya a cikin gari aka ɗauke su.

Zauren da aka toshe ma bai tafi da hidimominsa ba, titi kawai ya tura su. Yau in an yi rasuwa ko suna a irin waɗannan gidaje, sai a kafa rumfa a kan hanya, a hayo kujerun roba, a gitta benci a bakin lungu, masu babura su yi ta zagaye har a watse.