Yadda aka sayar wa yara maza 'yar tsana

1/ Jama'a, in ka ga yaro namiji da 'yar tsana sai ka ji an ce "kai, ajiye, kayan mata ne." To ku zo ku ji yadda wani kamfani a Amurka ya sayar wa miliyoyin yara maza 'yar tsana, iyayensu na murna. 🧵

2/ A 1959 kamfanin Mattel ya fito da Barbie. Ruth Handler ce ta kawo dabarar, bayan ta ga 'yarta Barbara na wasa da 'yan tsanar takarda. Ribar fa ba a jikin Barbie kaɗai take ba. Kayan sawarta ne: yau riga, gobe takalmi, jibi jaka. Uwa ta saya sau ɗaya, ta yi ta komawa kanti.

3/ Kamfanin Hasbro ya ga kuɗi na wucewa, ga rabin yaran ƙasar ba a taɓa aljihun iyayensu ba. Sai a 1964 ya fito da G.I. Joe, soja mai tsawon kusan inci 12. Ana tuɓe masa kaki a sa masa wani, a saya masa hula, takalmi, bindiga. Ku faɗa min, ina bambancinsa da Barbie? Sai dai tabon da aka yi masa a kunci.

4/ Amma sun san uba ba zai saya wa ɗansa abin da ake kira 'yar tsana ba. Sai suka hana ma'aikatansu furta kalmar sam, suka ƙirƙiro sabon suna: action figure, wato mutum-mutumin jarumta. Shi ke nan fa, kasuwa ta buɗe.

Yaran kuwa wasan dai ɗaya ne: a sa kaya, a cire, a ƙirƙiro labari, a yi wa abin murya.

5/ Ga inda abin ya ba ni dariya. Da ana shigo da G.I. Joe daga Hong Kong, hukumar kwastam ta caje shi harajin 'yar tsana. Hasbro ya garzaya kotu, wai sojan wasa ne. A 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci: G.I. Joe 'yar tsana ce, a biya harajin. 😂