Ruwa da Itace: Ginshiƙan Tarihin Ƙasar Daura

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen kayan tarihin Daura, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne rijiyar Kusugu, da fadar Sarki, da hawan Sallar Gani. Babu shakka waɗannan abin alfahari ne. Amma akwai gadon da ya girme su, wanda su ma a kansa suka tsayu, wato sanin dabarun zama a ƙasar jigawa, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, hunturu kuma yana zuwa da ƙurar Sahara. A ganina tarihin Daura tun daga tushe tarihin ruwa ne da itace, kuma wanda ya gyara gini ya ƙyale daji ya ƙare, rabin gadon kaɗai ya riƙe.

Labarin kafuwar Hausa Bakwai shi ne shaida ta farko. Masu ba da tarihi sun ce Magajiya Daurama ce ta taso da mazaunin sarauta daga Tsohon Birni zuwa Daura, kuma a zamaninta wata macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Wani baƙo, Bayajidda, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je rijiya da dare ya kashe macijiyar. Ga abin lura a nan: baƙon bai ci gari da yaƙi ba, bai kuma zo da runduna ba. Abin da ya kai shi ga auren sarauniya shi ne ya mayar da ruwan mako ya zama na kullum. Wani zai ce ai masana da yawa suna ɗaukar wannan labari a matsayin almara. To, ko da an yarda da haka, hujjar ba ta rushe ba. Al'umma ba ta riƙe labari ɗaruruwan shekaru sai wanda ya taɓa abin da ya fi damunta, kuma mutanen Daura sun zaɓi su gaya wa jikokinsu cewa mulki yana halatta ne ga wanda ya buɗe wa talaka rijiya.

Shaida ta biyu tana cikin sana'o'i. Majemi ba ya jima sai da bagaruwa. Mai saƙar tabarma da mai tufkar igiya da kabar goriba suke aiki. Magini yana rufe soro da azarar giginya, mai daddawa tana jiran kalwar ɗorawa, miyar kuka kuwa sunanta ya faɗi asalinta. Sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka, waɗanda aka sani a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ba su samu ba sai don akwai dawa mai barewa da gada da kura da zabi. Yau mafi yawan wannan dawa ta koma gona, naman dajin da ya saura galibi ƙanana ne, irin su zomo da bushiya da gafiya. Sarauta kuwa ta nuna tana iya ɓacewa ta dawo. A 1805 Malam Ishaku ya karɓi Daura a lokacin jihadi, dangin sarkin da aka ture, Sarkin Gwari Abdu, suka koma Zango da Ɓaure, sai bayan kusan shekara ɗari Turawa suka mayar da Sarki Musa kan gadon kakanninsa. Amma kukar da ta shekara ɗari biyu, in aka sare ta, babu takardar naɗi da za ta dawo da ita.

Akwai masu cewa gurgusowar hamada lamari ne daga Allah, kuma farin 1973 da na 1984 sun fi ƙarfin manomi. Gaskiya ne ba ɗan Adam ke saukar da ruwa ba, amma amsar wannan magana tana ƙetaren iyakar Kwangwalam, a yankunan Magariya da Matamaye na jihar Damagaram ta Nijar. Can ma an sha wannan fari, ƙasarsu ba ta fi ta Mai'aduwa ko Sandamu dausayi ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a ƙone kututture a tumɓuke toho, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar. Gawo ne kan gaba, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa awaki 'ya'yansa.

Saura mai cewa talaka ba shi da abin girki sai itace. Wannan uzuri ne mai nauyi, bai kamata a raina shi ba. Sai dai sassabin da kansa yana ba da makamashi duk shekara daga rassan da ake datsewa, alhali sare itace daga gindi sau ɗaya ake cin moriyarsa. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, zai yi amfani, amma dashen da babu mai shi ba ya kai rani. Abin da ake bukata shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. A nan masarauta take da ƙarfin da ma'aikata ba su da shi, domin daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, babu gonar da ba a san mai ita ba. Idan fada ta ɗauki kare gawo da kuka da ɗorawa a matsayin aikin sarauta, kamar yadda ta ɗauki hawan Gani, za ta yi abin da ya dace da tarihinta.