Mai Masauki da Takardar Hukuma: Abin da Ke Sauya Kallon Baƙo a Ƙasar Kano

Kowace Juma'a garin Wudil kan cika da mutanen da ba 'yan Wudil ba. Karar shanun garin na cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Ana kawo mata kaya daga Yobe da Barno da Jamhuriyar Nijar, manyan motoci kuma su yi lodi su nufi Kudu. Da wuya ka ji mai shago ko mai sayar da abinci yana ƙorafin baƙi sun yi yawa. Amma a wannan ƙasa ta Kano ɗin aka yi tarzomar 1953 da kashe-kashen 1966, a cikinta aka kwashi 'yan ƙasashen maƙwabta a 1983, daga cikinta kuma aka loda almajirai a motoci aka mayar da su jihohinsu a 2020. Jama'ar ba ta canza ba. Me ke sa baƙon da ake tarba yau ya zama abin tsoro gobe?

Amsoshin da aka fi bayarwa biyu ne. Wasu su ce yawa ne da talauci: in baƙi suka yi yawa abinci ya yi kaɗan, sai zuciya ta ƙuntata. Wasu su ce addini ne da harshe, Musulmi mai jin Hausa ɗan gida ne ko daga ina ya fito. Kowace na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba wadda ta iya ɗaukar tarihin gaba ɗaya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne abubuwa biyu suka fi tasiri: ko baƙon na da wanda ya tsaya masa a gari, da kuma irin abin da ake rabawa tsakaninsa da ɗan gari, kasuwa ce mai faɗaɗa da zuwansa ko rabon gwamnati ne mai iyaka.

Birnin Kano da baƙi aka gina shi. Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Shaihu Almagili kuma ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa da Dandalin Turawa duk masaukan baƙi ne tun asali, a cikin ganuwa, kusa da Kasuwar Kurmi. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna cewa manyan fataken goro na ƙarni na 19, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, zuriyar baƙi ne. Biyun farko daga ƙasashen Abzinawa kakanninsu suka gangaro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, Ba'agale ne. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil a yau tana ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, kuma babu wanda ke yi wa wannan gida kallon baƙi.

Abin da ya sa hakan ya yiwu ba kirkin zuciya kaɗai ba ne. Akwai tsari, kuma har yanzu yana aiki a kara. Baƙon da ya zo da shanu ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana da mai masauki, ko fatoma, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya san mai saye, ya san wanda za a iya ba bashi. In daga baya aka ce saniyar ta sata ce, shi za a fara kamawa, don haka ba ya karɓar wanda bai yarda da shi ba. Ladansa la'ada. Ke nan zuwan baƙo riba ce ga wani ɗan gari takamaimai, laifin baƙo kuma asara ce gare shi. Baƙon na da suna da fuska da mai lamuni. Abner Cohen, a bincikensa kan unguwar Sabo ta Ibadan da ya fito a 1969, ya tarar da wannan tsari shi ne ya riƙe Hausawa a ƙasar Yarabawa: masu gida ke tsayawa tsakanin mai shanu daga Arewa da mahauci Bayarabe, a kan bashin da babu takarda ko ɗaya.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Zama ɗan gari a tsohon Kano yana da farashi: Musulunci, Hausa a baki, auratayya, da biyayya ga sarki. Dubban mutanen da suka shigo ƙasar Kano a ƙarni na 19 kuwa ba da son ransu suka zo ba, bayi ne. Duk da haka ƙofar a buɗe take, jikan baƙo na iya wayar gari Bakano.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wata hanya dabam. Bayan dogo ya iso Kano a 1911, sai aka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwar Kudu da na Gwalkwas da Saliyo. Aka yi musu tsarin mulki da shari'a nasu, ba su bi ta hannun mai masauki ba, ba su kuma shiga ƙarƙashin mai unguwa na birni ba. Mutum na iya shekara 30 a Kano ba tare da wani Bakano ya taɓa tsaya masa ba. Daga nan baƙo ya tashi daga wane ɗan wane ya koma jinsi. Abin da ake takara a kai shi ma ya sauya: aikin akawu, aikin jirgin ƙasa, gidan waya, kwangila, waɗanda adadinsu ƙayyadadde ne, in wani ya samu wani ya rasa. Tarzomar watan Mayu na 1953 ta tashi ne daga rigimar majalisar Legas kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956 da kuma rangadin da ɗan siyasar Kudu Akintola ya shirya zuwa Kano, amma a tsakanin Fagge da Sabon Gari aka zub da jinin. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da Sardauna ya ɗauka ta fito ne daga tsoron nan na rabo. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 tsoron ya zama kisa, dubban Inyamurai suka rasa rayukansu a garuruwan Arewa, sauran suka gudu.

Labarin 1983 ya fi koyar da darasi, domin a nan ne bayanin addini da harshe ke tuntuɓe. Lokacin farin 1973 zuwa 1974 Buzaye da talakawan Nijar sun kwararo Kano, aka ɗauki da yawansu gadi a gidaje da shaguna, wato aka damƙa musu amanar dukiya. A 1979 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS da ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Sai rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki a Disamban 1980, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Jagoransu Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ɗan Kamaru ne, kuma akwai 'yan Nijar da Chadi cikin mabiyansa, amma mafi yawansu samarin karkarar Nijeriya ne, gardawa da 'yan cin rani da ba su da kowa a birni sai shi. Hukuma ta ga ya fi sauƙi a ce aikin baƙin haure ne. Farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, zaɓe na ƙaratowa. Ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba marasa takarda mako biyu su fice. Kusan mutum miliyan 2 suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana, tare da ɗimbin 'yan Nijar da Chadi masu salla da jin Hausa. Ghana ta riga ta yi irin wannan a 1969 a ƙarƙashin Busia, korar da ta taɓa Hausawan zango. Gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a 1984 ta sake kora a 1985, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa.

To ko jama'a bin bakin gwamnati kawai suke yi? Abin da ya faru a 2023 ya ce a'a. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, Abuja ta rufe iyaka, ta yanke wuta, ana maganar tura soja. Sanatocin Arewa suka ƙi, malamai suka tafi sulhu, aka yi zanga-zanga a Kano, 'yan kasuwar Dawanau da Maigatari da Jibiya suka yi ta kuka har aka buɗe iyakar a Maris na 2024. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna da surukai da abokan ciniki da masu bin su bashi a wannan ɓangare, shi ya sa tambarin abokin gaba bai kama su ba. Tambarin hukuma na kama wanda ba shi da mai tsaya masa ne. Almajiran da gwamnonin Arewa suka yi ta musaya lokacin korona 'yan Nijeriya ne, Musulmi, Hausa ce harshen yawancinsu, amma malaminsu ba shi da ƙarfin dillalin kara, zamansu kuma ba ya kawo wa wani mai faɗa a ji la'ada. Haka mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, yawancinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ta Jihar Kano: wucewa suke yi a babbar mota, ba wanda ya san su a garin, kalmar masu garkuwa da mutane ta ishe su hukunci.

A ganina abin da ya fi ɓata kallon baƙo a hankali, ba tare da hayaniya ba, shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da rabon muƙamai bisa jiha, gurbin karatu da na aiki suka rataya a kan inda kakan mutum ya fito. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda da ke Wudil kan ɗauki ɗalibai ne bisa kason kowace jiha, don haka yaron da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi ubansa a can, sai an tura shi wata jiha da bai taɓa kwana ba ya nemo shaida. Tsohon tsari kan mayar da baƙo ɗan gari cikin zuriya biyu ko uku. Wannan kuwa gadon baƙunci yake bayarwa. Da irin wannan takarda ake aiki a ƙarni na 19, da har yau Agalawa na neman wanda zai sa musu hannu.

Matsayin ɗan Nijar ma ya koma kan takarda. Ƙasarsa ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kuma shige da ficensa yanzu ya dogara ne da sanarwar da ƙungiyar ta yi cewa a ci gaba da mutunta takardunsu har sai an ji wani umarni. A ɗaya ɓangaren, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura cinikin dabbobi zuwa tiransifa, alhali buɗe asusu na bukatar lambar BVN ko ta katin ɗan ƙasa. Makiyayin da ya tsallako ba shi da ko ɗaya, sai kuɗin shanunsa su sauka a asusun dillalinsa, shi kuma ya nemo masa tsaba ko sefa.