Kafa Manhajojin Aiki na Intanet a Makarantu da Kwalejoji: Nazari kan Mallakar Asusu da Ajiyar Bayanai

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda makarantu ke kafa tarin manhajojin aiki da ke zaune a rumbunan kamfani ta intanet, wato imel da manhajar rubutu da ma'ajiya da ajin nesa. An bibiyi ƙa'idojin Google da Microsoft, da matakan wasu hukumomin Turai, da dokar Nijeriya ta 2023. Sakamakon ya nuna cewa aikin na'ura shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen tantance wanda ke riƙe da ragamar tsarin, da makomar bayanan ɗalibai.

1.0 Gabatarwa

Google ya fito da tsarinsa na makarantu a 2006, Jami'ar Jihar Arizona a Amurka na cikin waɗanda suka fara karɓarsa. An ƙara masa Classroom a 2014, ya koma Google Workspace for Education a 2021. Microsoft kuma na da matakai uku, A1 da A3 da A5, na farkon kyauta ne, ga kuma Teams da ya fito a 2017. Da korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya a watan Maris na 2020, makarantu da yawa sun rungumi waɗannan tsare-tsare cikin gaggawa, abin da aka yi cikin gaggawa kuwa ba kasafai ake komawa a gyara shi ba.

2.0 Domen da mai riƙe da shi

Matakin farko shi ne makaranta ta mallaki domen, sunan da ke biyo bayan alamar @ a adireshin imel. A Nijeriya NiRA ce ke kula da .ng, an ware .edu.ng ga manyan makarantu, .sch.ng kuma ga na ƙasa da su. Kamfanin zai ba da wani layin haruffa a saka a rajistar DNS domin tabbatar da mallaka, a karkatar da bayanin MX wasiƙu su riƙa sauka a sabon gida, sannan a saita SPF da DKIM da DMARC don hana aika wasiƙar bogi da sunan makarantar. Wanda ya san hannunsa zai gama wannan a yini guda, sai jiran kamfanin ya amince cewa makarantar ta cancanta.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da sunan wa aka yi rajistar? Sau da yawa ɗan kwangila ne ko wani matashin malamin kwamfuta ya buɗe da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da ya sauya wurin aiki, ko aka saɓa kan kuɗi, makaranta za ta wayi gari ba ta da iko da wasiƙun shugabanta. Kamata ya yi rajistar ta kasance da sunan makaranta, babban asusun kulawa ya zama aƙalla biyu, kowanne da tantancewa mai mataki biyu, kuma kada a yi aikin yau da kullum da su.

3.0 Tsara asusu

Ana loda sunaye ne a dunƙule ta fayil ɗin CSV, ko a haɗa tsarin da rajistar ɗalibai. Nan ne ƙasar Hausa ke da tata matsalar. A aji guda ana iya samun Muhammad Abubakar uku, adireshin imel kuma ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, don haka Ɗanladi zai koma danladi. Gina adireshi a kan lambar rajistar ɗalibi ya fi dorewa, sunan kuma ya fito cikakke a fuskar asusun.

Daga nan sai a raba mutane rukuni-rukuni: malamai, ma'aikata, ɗalibai bisa shekarar shiga, da waɗanda ba su kai 18 ba. A kan rukunin ake ɗora izini: wa zai buɗe aji, wa zai aika fayil waje. Idan aka zuba kowa a rukuni ɗaya, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai samu ikon da mataimakin shugaba ke da shi.

4.0 Kyautar da ke da iyaka

Shekaru da dama Google na ba makarantu ajiya mara iyaka. A 2021 ya sanar da kawo ƙarshenta, daga Yulin 2022 kowace makaranta ta koma kan terabait 100 na tarayya. Microsoft ya bi sahu da sanarwar 2023 da ta fara aiki a 2024: terabait 100 ga makaranta, mai A1 kuma ba zai wuce gigabait 100 a OneDrive ba. Ga sakandare wannan ya ishe ta har ya yi saura. Jami'a mai asusu 40,000 kuwa, kowa zai tashi da gigabait biyu da rabi idan aka raba daidai, bidiyon lacca kaɗan sun cinye shi. A ganin mai wannan nazari, duk makarantar da ta tsara kasafinta bisa zaton sharuɗɗan kyauta ba za su sauya ba, ba ta karanta tarihin kamfanonin ba.

5.0 Doka da bayanan yara

A 2019 hukumar kare bayanai ta jihar Hesse a Jamus ta ce amfani da Office 365 a makarantu ya saɓa doka, kodayake daga baya ta sassauta. A 2022 takwararta ta Danmak ta dakatar da ƙaramar hukumar Helsingør daga amfani da Chromebook da Workspace, a shekarar ce kuma ma'aikatar ilimin Faransa ta nemi makarantu su guji samfurin kyauta na kamfanonin biyu. Damuwar ɗaya ce: ina bayanan yara ke zuwa, kuma me ake yi da su?

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa, ta tanadi neman yardar iyaye ko mariƙa kan bayanan yara, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai ƙetare. Makaranta ce ke yanke abin da za a tattara, don haka alhakin na wuyanta, ba ta da damar cewa laifin kamfani ne. Takardar yardar ma sai an rubuta ta da harshen da uba ko uwa za su fahimta, in ba haka ba sa hannu kawai aka karɓa.

Sai batun fita. Ɗalibi kan nemi tallafin karatu ko gurbin digiri na biyu da imel ɗin makaranta, amsar ta zo bayan ya kammala. Goge asusunsa ranar yaye zalunci ne, barinsa har abada kuma cin ma'ajiya ne da buɗe ƙofa ga masu kutse. Abin da ya dace shi ne wa'adi rubutacce da aka sanar tun ranar shiga, a nuna wa ɗalibi yadda zai kwashe fayilolinsa da Google Takeout ko makamancinsa, a dakatar da asusun tukuna kafin a goge. Ga malami mai barin aiki kuwa, sai an mayar da mallakar fayilolin sakamakon jarrabawa zuwa ma'ajiyar sashensa kafin a taɓa asusunsa.