Yadda Kachala Ta Mamaye Fadamun Haɗeja da Nguru

A da, Kogin Haɗeja yakan cika da damina, ya janye da rani, kuma wannan janyewar ce ke hana ciyawar kachala yaɗuwa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya daina yankewa. Nan kachala ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Tafkin Nguru, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama mafakar jan-baki. Manoma da masunta suka yi ta gayyar sare ta. Saboda haka, ya ku ma'aikatan gobe, kafin ku tare kogi, ku saurari waɗanda ke ci daga gare shi.