Wa aka yi wa satar? Tarihin finafinan fashi daga Landan zuwa Gidan Rumji



Yau ina so mu waiwayi tarihin wani nau'in fim da yaranmu ke so ƙwarai, wato wanda ake haɗa gungu a shirya sata, a fasa banki ko gidan attajiri, a kwashe dukiya a tsere. Ko a Agiye ne, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, duk wanda ya leƙa rumfar masu cajin waya ya san irin finafinan da ake tura wa samari a katin waya. Na Kano na nan, na Indiya da aka juya zuwa Hausa na nan, na Turawa ma na nan. Da yawansu da ɗan kuɗi kaɗan aka yi su. A ganina, wannan ƙarancin kuɗin ne ya ba su ƙarfi, kuma shi ne ya bar musu raunin da ya kamata mu sani.

Mu fara da Ingila, domin can ne aka daɗe da ƙwarewa a irin wannan fim. A 1951 kamfanin Ealing da ke Landan ya fitar da The Lavender Hill Mob. Labarin wani ma'aikacin banki ne mai sanyin hali, wanda ya shekara ashirin yana raka motar zinariya ba a taɓa zarginsa da komai ba. Sai ya haɗa baki da wani mai ƙera kayan tsaraba, suka sace zinariyar, suka narka ta, suka zuba ta a siffar ƙananan hasumiyoyin birnin Faris don a fitar da ita waje. Abin da ya tona musu asiri 'yan mata ne 'yan makaranta, da suka sayi wasu daga cikin hasumiyoyin bisa kuskure. An rufe fim ɗin da ankwa a hannun jarumin. Babu wani babban kayan aiki a ciki, sai labari mai kyau da 'yan wasa masu iya magana, kuma rubutunsa ya ci kyautar Oscar.

A 1998 Guy Ritchie ya sake farfaɗo da salon da Lock, Stock and Two Smoking Barrels, wanda aka yi da kuɗin da bai kai fam miliyan ɗaya ba. Abokai huɗu ne aka cuce su a caca, bashin fam 500,000 ya hau kansu, sai suka yanke shawarar yi wa wasu ɓarayi maƙwabtansu fashi. Jason Statham, da yaranmu suka sani yau a finafinan faɗa, a nan ya fara fitowa, kafin nan kuwa kayan ado yake sayarwa a bakin titi. Ƙarfin irin wannan fim ke nan. Wanda ba shi da kuɗin gina birnin ƙarya dole ya ɗauki hoto a unguwar gaskiya, ya sa mutanen da suka san titi, su yi magana da harshen da ake yi a kasuwa. Mai kallo sai ya ji kamar maƙwabtansa yake gani.

Rauninsu kuwa ya fi bayyana idan labarin ya faru da gaske. Ranar 8 ga Agusta 1963 wasu mutum 15 suka tare jirgin ƙasa na gidan waya da ya taso daga Glasgow zuwa Landan, suka kwashe fam miliyan 2.6. Sun bugi direban jirgin, Jack Mills, a ka, bai kuma sake komawa yadda yake ba har ya rasu a 1970 da wata cuta daban. Amma da aka yi fim ɗin Buster a 1988, sai aka mai da ɗaya daga cikin 'yan fashin mutumin kirki mai son iyalinsa, mawaƙi Phil Collins ya fito a matsayinsa. Surutu ya yi yawa a jaridu har Yarima Charles da Gimbiya Diana suka fasa halartar bikin fara nuna shi. Haka aka sake yi bayan Afrilu 2015, lokacin da wasu tsofaffin ɓarayi, babbansu ɗan shekara 76, suka huda bangon ma'ajiyar Hatton Garden a Landan suka kwashe kaya na kimanin fam miliyan 14. Daga 2016 zuwa 2018 finafinai uku aka yi a kai. Duk sun shagala da tsofaffin da barkwancinsu. Masu sana'ar zinariya da suka ajiye jarinsu a wurin, wasunsu ba su da inshora, ba a tsaya a kansu ba.

Dalilin a fili yake. Mai ƙaramin jari 'yan wasa kaɗan yake iya biya, kwanaki kaɗan yake iya ɗauka, don haka sai ya zuba duk abin da ke gare shi a kan gungun ɓarayi: yadda suka haɗu, yadda suka shirya, yadda suka yi rigima wajen rabo. Wanda aka yi wa satar minti biyu ake ba shi, sau da yawa ma a nuna shi azzalumi ko wawa, don kada mai kallo ya ji tausayinsa.

Abin alfahari ne cewa ɗan Nijar ya hango wannan matsala tun da wuri. A 1966, shekara shida bayan samun 'yanci, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, ɗan gajeren fim na kusan rabin sa'a, da ƙaramar kyamara da abokansa, cikinsu har da Zalika Souley da Djingarey Maïga. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan wani jarumin fim. Daga wasa sai suka koma sata da faɗa, suka addabi ƙauyensu, suka raina dattawa, a ƙarshe rikicin ya juyo tsakaninsu. Alassane ba shi da kuɗin da ya kai na Turawan Landan, amma ya bar wa mutanen ƙauye wuri a fim ɗinsa, mai kallo yana ganin wanda aka cuta. Ya rasu a 2015, kuma ina ganin har yau ba mu gama ɗaukar darasinsa ba.

Daga baya sai Kano ta karɓi kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, aka buɗe ƙofar da ta haifar da masana'antar da ake kira Kannywood. Kaset ya riƙa tsallako iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, daga nan ya bazu gidajen kallo na ƙauyuka, inda ake tada janareto da dare. Faifan CD ya kori kaset, katin waya ya kori CD. Soyayya da waƙa suka fi yawa a finafinan Kano, amma na wayo da sata ma sun samu karɓuwa. A shekarun 2010 Adam A. Zango ya fito a Basaja a matsayin ɗan damfara, ya kuma fito a Gwaska a matsayin ɓarawo mai rufe fuska da ke ɗauka daga masu kuɗi yana taimakon talaka. Ƙarfinsu irin na 'yan Landan ne: harshen titi, unguwar da aka sani, da fushin talaka kan masu cin dukiyar jama'a. Rauninsu ma iri ɗaya ne. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma an saba rufe labari da kamu ko tuba. Sai dai yaro ya yi sa'a biyu yana sha'awar tufafin ɓarawo da motarsa, minti biyar na nadama ba ya goge wannan.

Kada mu ɗora wa fim laifin duka. Tun kafin kyamara muna da Gizo a tatsuniya, wanda ke cin nasara da wayo da ƙarya, daga baya kuma an yi makaɗa irin su Gambo mai waƙar ɓarayi. Bambancin shi ne, tatsuniya a gaban kaka ake yin ta, in an gama ita ke faɗa wa jikoki abin da ya kamata su riƙe. Waya kuwa a ƙarƙashin bargo ake kallonta, babu babba a kusa.

Ga kuma abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wurinmu. Ɗan Landan yana iya dariya da fashi, domin da wuya ya taɓa ganin sa ido da ido. Mu kuwa tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. An tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, duk a yankin Gidan Rumji. A aji ɗaya mushe zai iya samun yaron da ya kwana yana kallon gwanintar ɓarawo a waya, kusa da shi kuma ga yaron da aka kore garken mahaifinsa, ko aka sayar da gonarsu don biyan kuɗin fansa.

Hana kallo ba zai yiwu ba, kuma ban ga amfaninsa ba, tunda katin waya ya fi ƙwayar gyaɗa sauƙin ɓoyewa. Abin da nake roƙo shi ne mu koma matsayin kaka. Uba ya zauna ya kalli ɗaya tare da 'ya'yansa, malami ya sa ɗalibai su ba da labarin wanda suka gani. Sannan a yi musu tambayoyi uku. Wa aka yi wa satar? Minti nawa aka nuna shi? Yaya gidansa ya kwana a daren? A lakwal ana iya ba da aikin rubutu: a sake ba da labarin daga bakin maigadin da aka ɗaure, ko direban da aka buga. Yaron da ya rubuta wannan sau ɗaya zai riƙa neman mai kaya a duk fim ɗin da ya kalla.

Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Masu fim sun ɗauki hoton rana dubun, kuma sun iya. Ranar mai kaya mu ne za mu nuna wa yara ita, a gida da makaranta. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kawo mana zaman lafiya a iyakokinmu.